'Yata tana faɗuwa jarrabawa da gangan don kada 'yan ajinsu su guje ta

Maman 'Yan Huɗu:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Wata damuwa ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai da iyaye a cikinmu.

'Yata ta biyu shekararta 14, tana SS2. Tun tana firamare malamai suka ga karatunta ya wuce ajinta, aka tsallakar da ita aji biyu, mu kuma muka yi ta murna. Ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Sai zangon da ya wuce ta kawo sakamako, ta zo ta tara. Na zaci rashin lafiya ce. Malamarsu ta kemistiri ce ta kira ni makaranta ta nuna mini takardarta. Yarinyar nan ta rubuta amsoshi daidai, ta bi su ta soke, ta rubuta na kuskure a ƙasansu. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Da na tsare ta a ɗaki sai ta fashe da kuka, ta ce, "Umma, na gaji da zama ni kaɗai." Ashe 'yan ajin Farfesa suke kiranta, wasu su ce iyayi ne da ita. In ta zo wurin da suke hira sai a yi tsit. Su 'yan 16 da 17 ne, hirarsu ta biki ce da anko da samari, ita kuma in ta buɗe baki sai maganar littafin da ta karanta. Ranar jarrabawa ce kaɗai kowa ke son zama kusa da ita. In ta buɗe takardarta suka kwafa, ta zama ta kirki na kwana biyu. In ta rufe, ta zama mai baƙin ciki. Ta ce tun da ta zo ta tara, yara biyu sun fara zama da ita lokacin hutun tara.

Babanta ya ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Kakarta ta ce baki ne, a nemo mata rubutu. Ni kuwa na rasa tudun dafawa. In canza mata makaranta ne? In sa a mayar da ita ajin sa'o'inta? Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka mini.

Mai Shago a Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu da muke fama da yaran da har yanzu haɗa baƙi ke ba su wuya, wannan ai ba matsala ba ce a wurinmu, ni'ima ce. Ki ja mata kunne ta koma kan karatunta. Ƙawaye ba su za su ba ta digiri ba. Kuma ki bincika da kyau, sau da yawa yaran nan masu ƙoƙari su ke jawo wa kansu, da ɗaga kai da gyara wa mutane magana. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ɗalibar Likitanci:
Baba, da girmamawa, irin wannan amsar ce ta sa yara irinta ba sa faɗa wa kowa abin da ke damunsu. Sun san za a ce, ke da Allah ya ba ki ƙwaƙwalwa me kuma kike nema?

Anti, na karanta rubutunki hawaye na zubo mini, don ni ma ta nan na bi. Ina makarantar kwana ina 'yar 13, 'yan ɗakinmu duk sun zama 'yan mata, ni ina nan yarinya. In malami ya yi tambaya na san amsa, amma sai in sunkuyar da kai, don na san abin da zai biyo baya a hostal. Na koyi cewa "wallahi ban karanta ba" alhali na karanta. Na koyi yin dariya kan hirar da ban gane ba. Wata rana aka jiƙa mini littafin rubutuna a bokiti, ban kai ƙara ba, don mai kai ƙara sunanta ya ƙara ɓaci.

Abin da manya ba sa gani shi ne, yarinya mai shekara 14 ba digiri take tunani ba da safe in za ta tafi makaranta. Tunaninta wa zai zauna da ni yau. Yarinyarki ta auna na ɗaya da ƙawa, ta ga ƙawa ta fi mata. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma girman kai ba ne, kaɗaici ne ya kai ta bango.

Mu mata kuma muna da wani ƙarin kaya. A gidan biki gwaggona ta taɓa cewa a gabana, wannan da bakinta da bokonta wa zai aure ta? Namiji in ya yi ƙoƙari ana cewa zai zama wani abu. Mace in ta yi, sai a fara yi mata lissafin miji. Yarinya tana jin waɗannan maganganun, kuma tana ajiye su.

Hajiya Kaka:
Ni dai kada a raina maganar kakarta. Kambun baka gaskiya ne, hassada gaskiya ce. Annabi Yaƙubu da kansa ya ce wa Annabi Yusuf kada ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa, kuma 'yan uba ɗaya ne. Iyayen yanzu yaro na kawo sakamako sai a ɗauki hoto a ɗora a sitatus, dangi da maƙwabta kowa ya gani. 'Yata, ki riƙa yi mata Falaƙi da Nasi safe da yamma, ki daina yaɗa ƙoƙarinta.

Maman 'Yan Huɗu:
Na gode Hajiya, addu'a kam kullum muna yi, ba za mu fasa ba. Sai dai ita da bakinta ta gaya mini dalilin soke amsoshin, shi ya sa nake ganin akwai abin da ya rage mu yi da hannunmu.

Malamin Lissafi:
Hajiya, bari in yi magana daga cikin aji, don a can wutar take tashi, kuma sau da yawa manya ne ke hura ta.

Ki tambayi 'yarki waɗannan abubuwa. Shin malami yana tsayar da ita a gaban aji ya ce wa sauran, "Ku dubi wannan 'yar ficiciyar, ba ku ji kunya ba, gandama-gandama da ku?" Shin ita ake ba wa takardun gwaji ta yi maki? Ita ake sa wa ta rubuta sunayen masu surutu in malami ya fita? Ana karanta sakamako a asambali daga na ɗaya zuwa na ƙarshe? In amsar ɗaya daga ciki e ce, to an gama haɗa ta faɗa da ajin. Malami yana ganin yabonta yake yi, alhali da ita yake dukan yara 70. Shi ya fita bayan minti 40, ita ce za ta zauna da su har a tashi. Yaron da aka kunyata da sunanki ba zai so ki ba, ko da ke ba ki ce masa komai ba.

A gida ma haka. "Ka ga ƙanwarka ta fi ka" magana ce da ke raba 'yan ɗaki ɗaya har girma. Hajiya, ki duba tsakaninta da yayarta ko yayanta, watakila a can ma akwai abin da ba ki lura ba.

Maganar satar amsa kuwa ita ce ta fi ci mini rai. A makarantu da yawa yaro mai ƙoƙari ya zama kadarar aji. Ranar WAEC ko NECO har wasu manya ke matsa masa ya "taimaka wa 'yan uwansa". In ya ƙi, a ce mugu ne. Mun koya masa gaskiya a islamiyya, mun kuma hukunta shi a boko don ya riƙe ta.

Tsohuwar Firinsifal:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni a wurina tushen matsalar tsallaken ajin nan ne. Na daɗe ina faɗa da iyaye a kansa. Makarantun kuɗi sun kashe aji shida na firamare, wasu ma daga aji huɗu suke tura yaro sakandare, iyaye na alfahari ɗana ya gama yana 14. Ƙwaƙwalwa tana iya tsallake aji, jiki da zuciya ba sa tsallakewa. Na ga yaro ɗan 12 da ke warware lissafin SS1, amma in aka ɗauke masa biro sai ya zauna yana kuka, ajin su yi ta dariya. Wannan wane gata aka yi masa?

Ga kuma bangon da ke gaba. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai ɗan 18 zai shiga jami'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce, wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. A 2025 JAMB ta ce wanda bai kai 16 ba sai ya ci maki 320 cikin 400, sannan a sake tantance shi. 'Yar Hajiya za ta gama tana 15. Ko dai ta haye wannan katangar, ko ta zauna a gida shekara guda. To gaggawar me aka yi?

Malamin Kwalejin Ilimi:
Hajiya Firinsifal, Allah ya ƙara girma. Na yarda da rabin maganarki, rabin kuma zan ja da ke, don abin da nake koyarwa ke nan.

Da farko, kada mu tafi da tunanin cewa duk haziƙin yaro mai matsala ne. A 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka ya fara bin rayuwar yara hazikai fiye da 1,500, aka bi su har tsufa. Yawancinsu sun tashi lafiya lau, da abokai da iyali. Wata mai bincike a New York, Leta Hollingworth, ita ta lura da inda gizo ke saƙar. Ta ce yaron da ya ɗan fi sa'o'insa, wanda makinsa a gwajin basira ke tsakanin 125 da 155, shi ne ma kan zama jagora a cikinsu, don suna gane maganarsa. Wanda ya yi musu nisa sosai shi ke shiga kaɗaici, ba don halinsa ya ɓaci ba, sai don babu wanda zai yi hira da shi a kan abin da ke ransa.

Masana suna bayyana lamarin da cewa girman yaron ba ya tafiya tare. Tunaninsa na ɗan 18, jikinsa na ɗan 13, haƙurinsa wani lokacin na ɗan 10. Sa'o'insa na shekaru ba sa'o'insa ne na tunani ba. Manyan da yake jin daɗin hira da su kuma suna kallonsa yaro.

Yanzu ga inda na saɓa miki. Miraca Gross ta jami'ar New South Wales a Ostireliya ta bi yara 60 masu tsananin hazaƙa kusan shekara 20. Abin da ta samu ya ba mutane mamaki: waɗanda aka tsallakar da su aji da yawa bisa tsari sun fi samun abokai da natsuwa, waɗanda aka riƙe a ajin sa'o'insu su suka fi shan wahalar zama da mutane. Saboda haka tsallake ba shi ne laifin ba. Laifin yadda muke yinsa ne. A can ana gwada yaron, a tambaye shi ko yana so, a duba malamin da zai karɓe shi, a ci gaba da bibiya. Mu nan hedimasta ne zai ce wa uba yaronka ya wuce ajin nan, a ɗauke shi ranar Litinin a jefa shi cikin manya, shi ke nan. Wani lokacin ma don a rage kuɗin makarantar shekara guda ne.

Tsohuwar Firinsifal:
Malam, ajin Ostireliya yara nawa ne a ciki? Nawa ya kai 80, wasu a ƙasa suke zaune. Wa zai yi bibiyar? Ban musa binciken ba, amma tunda ba mu da abin da ke sa tsallaken ya yi kyau, ni dai ina kan bakana: a bar yaro da sa'o'insa, a ƙara masa aiki mai nauyi a gefe.

Malamin Kwalejin Ilimi:
In za a ƙara masa mai nauyin da gaske, na yarda. Abin da na fi gani shi ne a bar shi ya gama aiki cikin minti biyar ya zauna yana kallon silin, in ya fara surutu ko karanta wani littafi a ƙarƙashin benci a zane shi. Daga nan wasu ke tsanar makaranta gaba ɗaya.

Mai Shago a Kwari:
Duk na ji bayanan malamai. Amma ku gaya mini, yaron da babba na magana ya ce masa ba haka ba ne, wannan hazaƙa ce ko rashin kunya? Mu an tashe mu in manya na magana ka yi shiru ko ka sani. Ɗan ƙanena haka yake, malaminsu ya yi kuskure a allo ya miƙe ya gyara masa a gaban yara. Aka kore shi gida, kuma ni na ce daidai ne.

Alaramman Unguwa:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, ladabi ba abin wasa ba ne. Amma bari in kawo maka abu biyu daga Sahihul Bukhari, ka auna da kanka.

Wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar yana wurin, ya san dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami, ga Abubakar ga Umar ba su yi magana ba, sai kunya ta hana shi. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai ce masa madalla da ka yi shiru ba. Cewa ya yi da ya faɗa, da ya fi masa abu kaza da kaza.

Na biyu, Sayyidina Umar yana shigar da Abdullahi ɗan Abbas majalisarsa tare da dattawan Badar. Wasu abin bai yi musu daɗi ba, suka ce muna da 'ya'ya sa'o'insa, don me ake shigo da shi? Sai Umar ya tambaye su ma'anar Iza ja'a nasrullahi, suka faɗi abin da suka faɗa, ya juya ga yaron, yaron ya ce ajalin Manzon Allah ne aka sanar da shi. Umar ya ce ni ma abin da na sani ke nan. Ku duba, ƙyashin da ake yi wa yaro haziƙi ba yau ya fara ba. Kuma ku duba maganin da Umar ya yi: bai kore shi ya koma cikin yara ba, bai kuma bar shi ya kare kansa ba. Babba ne ya tsaya masa.

Saboda haka Alhaji, ɗan ƙanenka ba shiru ya kamata a koya masa ba, yadda ake faɗa ya kamata a koya masa. Ya bari a tashi, ya sami malam shi kaɗai, ya ce Malam ban gane nan wurin ba. Wannan shi ne ladabi. Amma a kore shi don ya ga kuskure, an koya masa cewa sani laifi ne.

A tsangaya muna da sauƙi ta wani ɓangaren, don ba mu da aji. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Kolo mai kaifin hadda yana iya wuce gardi, ba wanda zai riƙe shi ya jira wani, kuma da yamma zai koma cikin sa'o'insa su yi wasansu. Karatunsa da manya, wasansa da yara. Ba na cewa babu hassada, akwai ta, har a musabaƙa muna gani, wadda jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa ta ƙasa tun 1986. Yaro ya ciwo kyauta ya dawo, abokansa su ja baya da shi, manya kuma su hana shi zama yaro, ko ƙwallo ya taɓa a ce haba alaramma. Wannan ma zalunci ne, mahaddaci ɗan 13 yaro ne.

Mai Shago a Kwari:
Allah ya gafarta Malam, hadisin dabinon nan ya shige ni. Amma ina nan kan cewa wasu yaran da kansu suke kora mutane. Sai an haɗa da gyaran hali.

Ɗalibar Likitanci:
Baba, a nan ban musa maka ba. Akwai abin da ake koyo: sauraron hirar da ba taka ba, barin wani ya gama magana, yabon abin da wani ya fi ka. Amma ana koyonsa ne a cikin ƙawaye. Wadda ba ta da ko ɗaya a ina za ta koya?

Baban Gida:
Ni tambayata, ba akwai makarantun irin waɗannan yaran ba? A kai ta can mana ta haɗu da irinta.

Malamin Lissafi:
Akwai, amma ba su da yawa. Ta tarayya ita ce ta Suleja a jihar Neja, wadda aka kafa zamanin Janar Babangida musamman don hazikan yara, NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa tana da tata a Bamaina, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, tun zamanin Sule Lamiɗo. A Kano kuma makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977 suke tace yara da jarrabawa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba sa ƙirguwa. Sai dai duk waɗannan a ajin farko ake shiga, JS1 ko SS1. Wadda ke SS2 ta wuce wurin.

Tsohon Ɗan Kimiyya:
Ni irin wannan makarantar na yi, ta kwana, bari in faɗi daɗinta da ɗacinta. Daɗin shi ne a can na fara yin aboki na gaskiya. A garinmu ni ne "ɗan boko" da ake tsokana, a can na tarar da yara da za mu raba dare muna gardama kan tambaya ɗaya ta fiziks, ba wanda zai ce kana nuna kai. Wannan sauƙin ba ya misaltuwa.

Ɗacin kuma, kowa a ajin na ɗaya ne daga inda ya fito. Zangon farko na zo na ashirin da wani abu. Na kasa cin abinci, na kasa rubuta wa mahaifina wasiƙa, don duk garin an san ni da na ɗaya, ban san wane ne ni ba in ba shi. Akwai abokinmu da bai farfaɗo daga wannan ba, ya daina karatu gaba ɗaya, gara a ce bai yi ba da a ce ya yi ya kasa. Ga nauyin gida. Tun kana 15 ana ce maka likitan gidanmu, kai za ka fitar da mu. Ba ka isa ka ce tarihi kake so ko zane ba.

Malamin Kwalejin Ilimi:
Abin da ɗan uwa ya faɗa sananne ne a bincike. Herbert Marsh ya nuna tun 1984 cewa yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda ke cikin hazikai ya fi raina kansa a kan wanda ke makarantar gama-gari. Labarin abokin nasa kuma ya tuna mini da gwajin da Carol Dweck da Claudia Mueller suka wallafa a 1998. Sun ba yara aiki, suka yabi wasu da cewa kuna da basira, wasu kuma da cewa kun dage. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba da basira suka fi gudunsa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka yi ƙarya kan makin da suka ci. Yaron da aka gina shi kan "kai ƙwaro ne" kullum yana tsoron ranar da za a gano ba haka ba ne. Iyaye, ku riƙa tambayar me ka koya yau, me ya ba ka wuya, ba na nawa ka zo kaɗai ba.

Maman 'Yan Huɗu:
Allah ya saka wa kowa. Malamin Lissafi, na tambaye ta, wallahi ita ke rubuta sunayen masu surutu tun SS1. Hajiya Firinsifal, to in mayar da ita baya ne?

Tsohuwar Firinsifal:
A'a 'yata, kada ki soma. Da ba a tsallakar ba ya fi, amma tunda an yi, mayarwa wani sabon ciwo ne, za a ce ta faɗi ne aka dawo da ita. Ki je ki sami firinsifal da malamin ajin ke da babanta, ba a gaban yarinyar ba. A karɓe rubuta sunayen nan daga hannunta, a daina misali da ita, ranar gwaji a sa ta a bencin gaba kusa da mai tsaro don a cire ta daga matsin kwafa ba tare da ita ta ce a'a ba. Sannan ki nema mata wurin da ba ita ce gwana ba, ɗinki ko girki ko islamiyyar da sa'o'inta suke, inda za ta nemi taimakon wata. Yaran nan biyu da suka fara zama da ita, ki gayyace su gida. Ba ajin duka take buƙata ba. In ta gama tana 15, shekarar jiran ba asara ba ce, ta yi hadda ko ta koyi kwamfuta.

Malamin Ƙauye:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Duk maganar nan ta 'yan birni ce masu zaɓi. Ni ina koyarwa a ƙaramar sakandare, tafiyar awa guda daga kwalta. Ina da yaro ɗan JS2, ɗan manomi, ya gama littafin lissafin JS3 shi kaɗai. Yaran gari sun sa masa suna Bature, ba sa zuwa gona da shi, ba sa kiransa ƙwallo. Babansa yana cewa karatun ya sa shi zama wani iri, yana so ya tura shi Legas wurin yayansa ya yi sana'a. Ba islamiyya ta zamani, ba kwamfuta, ba laburare. Me zan yi masa?

Malamin Lissafi:
Malam, yaronka yana da abin da 'yar Hajiya ta rasa, lokaci. Yana JS2, saboda haka ƙofar makarantun kimiyya ta SS1 a buɗe take gare shi. Ka fara bincikar lokacin da hukumar jiharku ke sayar da fom, ka tara masa tambayoyin shekarun baya. Ina da littattafan SS1 da ba na amfani da su, ka yi mini magana ta gefe in ba direban motar garinku.

Tsohuwar Firinsifal:
Uban kuma kada ka tunkare shi kai kaɗai, zai ga kamar kana raina sana'arsa. Ka bi ta wurin liman ko mai gari, su za su kira shi. Kuma kada a je da maganar yaronka ya fi na kowa, a je da maganar makarantar kwana ce ta gwamnati, nauyinta bai kai yadda yake zato ba, kuma hutun ƙarshen shekara yana faɗowa cikin damina, zai dawo ya kama masa noma. A makaranta kuma ka haɗa shi da yara uku ko huɗu su riƙa zama bayan an tashi, kai ma kana wurin, kowa da tambayar da zai kawo, kada ya zama shi ne malaminsu.

Malamin Ƙauye:
Na gode Hajiya, na gode Malam. Limamin garin kawun yaron ne ta wajen uwa, gobe bayan la'asar zan same shi.